Danƙon Motar Baba Ya Kusa Raba Ni Da Albarkar Inna

A shekarun da abin nan ya faru, ni ɗan kasuwa ne mai sayar da shadda da atamfa a wani ɗan shago a kasuwar Daura. Ina da mata da yara biyu ƙanana, muna zaune a gidanmu na gado a cikin gari, ba nisa da Kusugu, tare da mahaifiyata da yayana da iyalinsa. Ni ne auta a ɗakinmu. Duk wanda ya san ni a lokacin zai gaya maka abu biyu: zuciyata a kusa take, sannan ba na ƙaunar a leƙa aikina kafin in gama. Ko hula na sayo sai in ɓoye ta har ranar da zan sa, don kawai in ga yadda mutane za su saki baki. Matata takan ce da da hali, ko ɗa aka haifa mini sai ranar suna maƙwabta za su ji. Idan ta faɗa dariya nake yi, a ganina abin burgewa ne. Edita, wannan halin ne ya kai ni inda zan ba masu karatu labari. Ba zan kira sunan kowa ba, domin wasu suna raye, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya.

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, tana fama da ciwon suga, kuma idanunta sun fara tafiya. Tana ganin haske da inuwar mutum, amma fuska sai an matso ƙwarai. Abin da ido ya rage mata, hanci ya cike. Kafin ka yi sallama ta san ko wane ne. Yaya tana gane shi da turarensa, ni kuma ta ce warin sabon yadi nake yi. Kullum da safe idan na dawo daga masallaci sai in shiga ɗakinta in durƙusa, ta laluba ta ɗora hannu a kaina ta ce, “Allah ya yi maka albarka, Auta.” Wallahi da wannan kalmar nake fita kasuwa. Ranar da ban ji ta ba, ko ciniki ya yi kyau sai in ji kamar na manta wani abu a gida. Akwai kuma wani ciwo da Inna ke ɗauke da shi wanda duk gidan mun sani amma ba a tayar da maganarsa. Ƙanenta, kawunmu, wanda ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, barasa ce ta lalata shi har ya mutu a wulaƙance. Ita ta yi jinyarsa, ita ta riƙa wanke masa riguna.

Baba, wanda Inna ke kira Malam, ya rasu ya bar wata tsohuwar mota 'yar Kwatano. Tun bayan rasuwarsa take ajiye a gareji a bayan gida, ɗaki ne na bulo da rufin kwano, ba taga sai ƙofar ƙarfe, rana tana dafa shi tun hantsi har la'asar. Yaya ya sha cewa a sayar da ita kafin ta zama gidan ɓeraye, ni kuma na kafe na ce motar Baba ba za ta bar gidan nan ba. Ana haka Inna ta fara maganar ƙanwarta da ke aure a garin Babban Mutum, ta ce tana son ta je ta ji muryarta, amma jikinta ba zai ɗauki matsin motar haya ba. Sai na kira makanike ya sa sabon batir, ya canja mai, ya yi 'yan dabarunsa, mota ta tashi. Da murnata na riƙo hannun Inna na kai ta na zaunar a kujerar gaba. Tana kama mariƙin ƙofa hannunta ya manne. Ta janye, ta dafa gaban motar, nan ma ya manne. Robar cikin motar gaba ɗaya ta narke ta zama danƙo: sitiyari, maɓallan rediyo, wurin ɗora hannu, ko'ina ka taɓa sai ya bar maka baƙi kamar kwalta. Farin mayafinta ya ɓaci. Ta ce in fitar da ita, motar Malam ta ruɓe, ita ma ta bi mai ita. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa yana dariya, ya ce ai ya gaya mini, wannan ko kaji aka zuba a ciki sai an ɓamɓaro su.

Dariyar nan ta ƙona mini rai. A ranar na ƙudurta cewa sai na mayar da cikin motar nan tas, kuma ba wanda zai san ina yi sai ranar da zan sake zaunar da Inna in ce ta taɓa. Na sayi sabon kwaɗo na garƙame garejin. Na fara rufe shago da wuri, ina idar da la'asar sai in zagayo ta lungun baya in shige in ja ƙofa, in kunna fitila, sai an kusa kiran magariba in fito. Na fara da ruwa da garin sabulu, danƙon ya yi kamar da shi nake wasa. Na gwada kalanzir, ya ƙara masa santsi kawai. Na gwada fetur a wani gefe, wurin ya yi fari fat ya tsattsage, na kusa kuka. Har toka da lemon tsami na gwada saboda na ga mata suna wanke tukunya da su. Daga ƙarshe na kai kukana wurin wani abokina mai kyamis. Ya ce ai wani siririn shafe ne masu ƙera motar suke yi a kan robar don ta yi laushi a hannu, zafin ƙasarmu ne ke narkar da shi, kuma sifirit ɗin da ake goge wurin allura yana ɗauke shi. A babban galan yake sayowa, don haka sai ya riƙa tsiyaya mini a kwalaben da ba rubutu a jikinsu. Ya ja mini kunne in buɗe ƙofofi iska ta riƙa shiga. Ni kuma na sa shi ya yi mini alƙawarin ko wa ya tambaye shi, kada ya faɗi abin da nake saya.

Abin ya yi aiki kuwa. Sai in jiƙa tsumma in danna a wurin, in ɗan jira, sannan in murza. Baƙin ya taso ya naɗe a tsumman, a ƙarƙashi ka ga roba mai tauri, sumul, kamar ba ita ba. Lungunan da yatsa ba ya shiga in bi su da tsohon buroshin haƙori. Na koyi cewa maɓallan da ke da rubutu ba a matsa musu, don na goge alamar guda biyu kafin in farga. Aiki ne na haƙuri, faɗin tafin hannu ɗaya sai ya cinye maka yamma guda, tsummokara kuwa har tsofaffin zannuwan matata na sace na yayyaga. Amma maganar buɗe ƙofa, ko a jikina. In buɗe Yaya ya leƙo ya yi mini dariya? Haka nake zama a rufaffen ɗakin nan, cikin rufaffiyar mota, ina shaƙar abin nan har kaina ya riƙa juyawa. Ina fitowa idanuna jajur, tafiyata ba daidai ba, zuciyata tana tashi. Don kada warin ya tona mini asiri, sai in fesa turare a riga in jefa kanumfari a baki, in wuce masallaci, daga nan in leƙa Inna. Ni a wautata gani nake na iya ɓoye abu.

To, a wancan lokacin maganar shari'a ba ta huce ba. An rufe wuraren sayar da barasa, kowace unguwa akwai masu sa ido, kuma kowa ya san hukuncin wanda aka kama da maye: bulala a gaban jama'a, sunan gidanku ya shiga bakin duniya. Ana ta raɗe-raɗin cewa mashaya sun koma bin kyamis suna sayen abubuwa a kwalba suna haɗawa. Ni kaina na zauna a majalisa an yi wannan hira da ni, har ina tofa albarkacin bakina ina Allah wadai. Amma ko sau ɗaya ban kalli kaina na ga abin da wani zai gani ba.

Abin da na fara lura da shi hannun Inna ne. Da idan ta ɗora shi a kaina sai ya ɗan jima. Sai ya zama tana taɓawa ta ɗauke. Wata rana da yamma ta jawo wuyan rigata kamar za ta gyara mini, ta daɗe riƙe da shi, sannan ta sake ni. Washegari da safe na durƙusa ina jiran abin da na saba ji, sai ta ce, “Allah ya shirye ka.” Na ce a raina ko bakinta ne ya kuɓuce. Kashegari ma haka. Albarkar nan ta ɗauke ɗif. Na kawo mata fura ta ce azumi take yi. Na kawo tsire da daddare ta ce a ba yara. Na ce Inna, da ciwon nan naki wane irin azumi ne ba Litinin ba Alhamis? Ta ce tsakaninta da Ubangijinta ne. Ta rame, wuyanta ya fito, idan na shiga sai in tarar da ita da carbi tana share ido da gefen mayafi. Na tambaye ta ko na yi mata laifi, ta ce in tambayi kaina. Na fita ina tambayar kaina, ban samo komai ba.

Da ban samo laifina ba, sai na shiga neman mai laifi, kuma ban wahala ba na tsayar da Yaya. Dalilai kuwa sun taru mini. Sau biyu ina shiga ɗakin Inna in tarar suna magana ƙasa-ƙasa, suna jin sallamata su yi tsit. Na fara ganin sawun takalminsa a lungun gareji, lungun da ba abin da ke kai shi. Kwalaben da nake tarawa a bayan wata tsohuwar taya a waje, sai in zo in tarar babu su. Wata rana ina fitowa na hango shi a ƙarshen lungu ya yi kamar yana gyara sarƙar babur ɗinsa, alhali babur ɗin lafiyarsa ƙalau. Na ce a raina, wato mutumin nan ya samo mai sayen mota, ya ga na hana, shi ne ya koma yana zuga Inna don a ce na fi ƙarfin kowa a kan kayan gado. Kai, har na fara tunanin ko wani abu ya karɓo a wurin malamai ya juya mata zuciya. Allah ya yafe mini. Mutumin da ya goya ni a kafaɗa zuwa kallon salla, shi na zauna ina yi wa wannan lissafi.

Zargi kuma idan ya shiga mutum ba ya tsayawa wuri ɗaya. Matata ta tambaye ni me ke sa idona ja kwanan nan, na daka mata tsawa na ce aiko ta aka yi? Na lura ta fara ware rigunana tana wanke su ita kaɗai a bayan ɗaki, ba ta shanya su a tsakar gida, na ce lallai ita ma an saye ta. Wani dattijo da muka daɗe muna haɗa kafaɗa a sahu ya koma can ɗaya gefen, na ce Yaya ya kai ni gaba har masallaci. Abokina mai kyamis ya ce mini Yaya ya zo ya tsare shi da tambayar me nake saya a wurinsa, shi kuma ya ce amana ce ba zai faɗa ba, Yaya ya fita yana salati. Ya ce don Allah in sake shi daga alƙawarin nan, abin ya fara ba shi tsoro. Na ce ko kusa, ai saura ƙiris in gama. Na fito ina jin daɗi wai Yaya ya sha ƙasa. Na daina gaishe shi sai dai ɗaga hannu. Idan muka haɗu a zaure sai ya bi ni da wani irin kallo, ni kuma in karanta ƙiyayya a ciki. Gida ɗaya, tukunya kusan ɗaya, amma kowa yana kallon kowa ta gefen ido.

Ranar da abin ya fashe, saura mini murfin ɗan akwatin ajiya na gaban motar kawai. Ina cikin murzawa bayan la'asar, kaina yana sarawa kamar kullum, sai na ji ana dukan ƙofar gareji da ƙarfi. Matata ce, tana cewa in fito Inna ta faɗi. Na tarar da ita a ƙasa kusa da buta, jikinta ya saki, gumi ya jiƙa ta, ana kiranta ba ta amsawa sai ɗan nishi. Ban tsaya neman kowa ba na sungume ta, ba nauyi ko kaɗan, na kai ta mota na kwantar a kujerar baya, matata ta shiga ta riƙe kanta. Na wangale ƙofar gareji, na zagayo zan shiga, sai ga Yaya a guje. Kafin in ankara ya fizge makullin daga hannuna. Na ce ya ba ni. Ya ƙi. Na ci kwalar rigarsa, yayana da ban taɓa ɗaga wa murya ba kafin rikicin nan, na ce ko a wannan halin ma motar ce a ransa? Sai ya dube ni, idanunsa cike da hawaye, ya ce:

“Ba za ka tuƙa uwarmu kana cikin maye ba. Ka ji warin da kake yi kuwa?”

Hannuna ya saki rigarsa da kansa. Maye? Ni? A cikin ƙiftawar ido komai ya jeru a gabana: jan ido, turare, kanumfari, kwalabe marasa rubutu, rufaffiyar ƙofa, da hancin Inna da ya san warin rigunan kawu. Sai na jawo shi na tura kansa cikin motar. Ga kwalba a buɗe a ƙasa, ga tulin baƙaƙen tsummokara, ga buroshi, ga gaban mota yana sheƙi in ban da murfin nan guda da ya rage da danƙonsa. Na kama hannunsa na manna a kan murfin, na ɗaga na ɗora a kan sitiyari. Ya dubi tafinsa, ya dube ni. Ya ce innalillahi, ya sa mini makullin a hannu, ya ce in ja mu tafi. Duk gilasan a sauke muka tafi har asibiti.

An karɓe ta da gaggawa aka sa mata ruwa. Likitan ya fito ya wanke mu tas, ya ce wane irin 'ya'ya ne za su bar tsohuwa mai ciwon suga tana shan magani tana jera azumi haka? Muka sunkuyar da kai. Da ya wuce, muka zauna a benci, a nan Yaya ya ba ni labarin da har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Ya ce tun yammar da Inna ta riƙe wuyan rigata ta kira shi tana kuka, ta ce abin da ya ci ƙanenta ya shigo mata gida. Ta sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba, kuma ba zai tunkare ni ba, don ta san zuciyata, tana tsoron in yi fushi in bar gidan in ƙara lalacewa, ko hayaniya ta sa maganar ta fita a kama ni a yi mini bulala a gaban mutane. Ta ce ita za ta kai ƙarata wurin Allah, za ta yi ta azumi har ranar da zan shigo ba ta ji warin nan ba. Ya ce ya roƙe ta ta bari, ta ƙi. Kwalaben da nake nema kuwa, shi yake kwashewa yana kaiwa bayan gari yana fasawa, don kada masu sa ido su gani. Tsayuwar da yake yi a bakin lungu yana wasa da sarƙar babur, gadi yake yi mini, idan ya ga wani zai bi ta nan sai ya ja shi da hira har in fito in wuce. Matata ma abin da ya sa take ɓoye wankina ke nan. Dattijon masallaci kuwa ya taɓa yi masa maganar, Yaya ya ce masa maganin ciwon haƙori nake shafawa. Yayana ya yi ƙarya a ƙofar masallaci don ya rufa mini asiri, ni kuwa ina can ina cewa ya kai sunana wurin malamai.

Na gaya masa abin da na zarge shi da shi, ban rage komai ba. Ya ce shi ma ai ya zarge ni da abin da ya fi wannan muni, kuma da ya buga ƙofar nan sau ɗaya ya ce Auta me kake yi, da ba mu zo nan ba. Ya ce amma ni ma dai jaki ne, wa ya taɓa wanke mota a ɓoye kamar mai haƙa rami a gidan mutane? Muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Inna ta farfaɗo, alhamdu lillahi, ta yi kwanaki aka sallame ta. Sai dai ɗan hasken da take gani bai dawo ba. Likita bai ce azumin ne ya jawo ba, ya ce ciwon dama yana cin ido a hankali. Ni ma ba zan ce shi ne ba, amma ban taɓa iya raba su a zuciyata ba. Yaya ya riga ya yi mata bayani tun tana kwance. Ranar da za mu koma gida na zaunar da ita a kujerar gaba. Ban ce ta taɓa ba, duk jawabin da na shirya na tsawon makonni ya gudu. Ita da kanta ta miƙa hannu ta kama mariƙin ƙofa, ta saki, ta sake kamawa. Ta shafa saman gaban motar tun daga gefenta har inda hannunta ya kai, ta murza yatsunta ta kai hanci. Ta tambaya ko duk wannan saboda zuwa Babban Mutum ne, na ce e. Sai ta laluba ta kamo hannuna ta riƙe da nata biyu ta ce:

“Auta, ka yafe mini. Na zarge ka da abin da ba ka yi ba.”

Jama'a, ban san ko akwai wanda uwarsa ta taɓa roƙonsa gafara a cikinku ba. Ba na yi wa kowa fatan ya ji. Da ta zage ni, da ta mare ni, da ya fi mini sauƙi. Tsohuwar da ta yi ta kwana da yunwa saboda ni, ta rasa sauran ganinta, ita ce ke cewa in yafe mata. Na kifa kaina a kan sitiyarin da na gama gogewa na yi kuka kamar yaro, mutane suna wucewa suna kallo. A nan na ji hannunta a kaina, ya daɗe bai ɗaga ba, ta ce Allah ya yi mini albarka. Bayan ta ƙara jin ƙarfi na kai ta Babban Mutum, ni da Yaya, ta kwana biyu wurin ƙanwarta. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ce a kai shi ya ga cikin motar Malam, Auta ya mayar da ita sabuwa. Ita kaɗai ce ba ta taɓa gani ba.

Abin da na koya ke nan, kuma shi ya sa na rubuto. Mai tsohuwar mota da robarta ta fara danƙo, sifirit yana cirewa, amma ka fito da ita fili, ka buɗe ƙofofin duka, ka fara gwadawa a wani ɗan lungu, kada ka kusanci wuta, kada kuma ka kuskura ka sa fetur. Wanda ya fi wannan muhimmanci, ka gaya wa mutanen gidanka abin da kake yi. Alherin da ka rufe wa ƙofa, na waje ba shi da hanyar sanin alheri ne, abin da hancinsa da idonsa suka ba shi da shi zai yi aiki, kuma wanda ya fi son ka shi zai fi shan wahala. Ku kuma da kuka ga wani sauyi a jikin ɗanku ko ɗan'uwanku, don girman Allah ku tambaye shi baki da baki, ko da zai yi fushi. Mu huɗu muka zauna a gida ɗaya, kowa yana son kowa, kowa yana tsoron ya yi tambaya guda, har sai da tsohuwa ta faɗi.

Inna ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta da rahama. Motar tana nan, Yaya bai sake maganar sayar da ita ba. Murfin akwatin gaban nan ma daga baya na gama shi, a ƙofar gida, da rana tsaka, Yaya yana zaune a kan benci yana nuna mini inda na tsallake. Amma har yau ba na iya buɗe kwalbar sifirit ban ji muryar Inna tana neman gafarar ɗan da ta haifa ba.